Nazarin Lamari: Matar da Abinci Ya Daina Karɓarta Lokacin da Take Rage Maganin Barci

Asalin lamarin: Agusta 2019 zuwa Disamba 2022

Malamar firamare ce a wata tsohuwar unguwa cikin birnin Zariya, mai 'ya'ya biyar, shekarunta 47 lokacin da abin ya tsananta. Mijinta ya rasu a watan Agusta 2019. Tun tana cikin takaba barci ya ƙaurace mata: ta kwanta bayan isha'i, ta farka wajen ƙarfe ɗaya, idonta biyu har kiran assalatu. A watan Oktoba ƙaninta ya je kemis ya yi bayani, aka ba shi bromazepam, wanda aka fi sani da Lexotan, mai 1.5 mg. Ba takardar likita, ba kuma wanda ya faɗi tsawon kwanakin da za ta sha.

Maganin ya yi aiki, ta samu barci. Bayan 'yan watanni ƙwaya ɗaya ta daina isa, ta koma 3 mg. Zuwa 2021 tana shan 3 mg da safe don faɗuwar gaba, 3 mg da dare don barci, jimilla 6 mg a rana, kuma a haka ta tsaya har ƙarshen 2022.

Bromazepam ɗan dangin benzodiazepine ne, tare da diazepam da lorazepam da alprazolam. Dukkansu suna ƙarfafa aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira GABA, wanda aikinsa kwantar da jijiyoyi ne. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ta rage nata ƙoƙarin, ta dogara da ƙwayar. Shi ya sa tun 1988 hukumomin magunguna na Birtaniya suka ja kunnen likitoci kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana ba da irin wannan magani. Ita ta shekara uku da wata uku a kansa.

Cimarta a lokacin irin ta kowa ce: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko ɗanwake da rana, tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa da dare, fura da nono idan zafi ya matsa. Nauyinta kilo 68. Abu ɗaya ne bai taɓa yi mata daɗi sosai ba tun tana budurwa, wato madarar gari idan ta yi yawa a shayi, takan sa cikinta ƙugi.

Yankewa lokaci guda: Janairu 2023

Ranar 9 ga Janairu 2023 ta daina sha gaba ɗaya. Wani shirin rediyo ta ji kan shaye-shaye a tsakanin mata, aka ambaci sunan ƙwayar da ke cikin jakarta, kunya ta kama ta. Ba ta gaya wa kowa ba.

A rana ta biyu hannunta ya fara karkarwa. A ta uku gumi ya riƙa karyo mata duk da sanyin hunturu, ta kasa jure hayaniyar 'yan aji. A ta huɗu ba ta runtsa ba, zuciyarta na dukan uku-uku, ko ruwa ta sha sai ya taso. A rana ta biyar 'yarta ta biyu, wadda ke karatun koyarwa, ta matsa mata da tambaya har ta faɗi gaskiya, aka sayo ƙwayar, ta sha, cikin awa biyu jikinta ya lafa. Allah ya tsare ba ta yi jijjiga ba, domin yanke irin wannan magani lokaci guda bayan shekaru yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai.

Komawa diazepam da ragin farko: Fabrairu zuwa 22 ga Maris 2023

A farkon Fabrairu ta ga likita a sashen marasa lafiya na waje a wani babban asibiti. Ya sauya mata zuwa diazepam sannu a hankali cikin mako uku, har ta tsaya a kan 10 mg, wanda ya yi daidai da 6 mg na bromazepam. Dalilin sauyin shi ne bromazepam yana saurin barin jiki, rabinsa kan fita cikin awa 10 zuwa 20, shi kuwa diazepam da abin da hanta ke mayar da shi sukan kwashe kwanaki kafin rabinsu ya fita. Jiki ya fi samun natsuwa da mai daɗewa idan za a rage.

Tsarin da aka rubuta mata shi ne cire 2.5 mg duk mako biyu. Ranar 6 ga Maris ta sauka zuwa 7.5 mg. Kwana biyar na farko lafiya lau. Ranar 12 ga Maris, bayan ta ci shinkafa da wake da rana, cikinta ya kumbura tam, gabanta ya riƙa faɗuwa har dare. Washegari haka. Ta ce waken ne, ta daina cinsa. Ranar 20 ga Maris ta sauka zuwa 5 mg kamar yadda aka tsara.

Azumin 2023

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, kwana uku bayan ragi na biyu, ga zafin bazara. Sahur ɗinta shayi ne mai kauri da burodi. Buɗa-baki kuwa kunun tsamiya da sukari sosai, ƙosai, soyayyen dankali, zoɓo mai sanyi, sai shayi bayan asham.

Daga 26 ga Maris abubuwa suka rikice. Bakinta ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Warin mai a kasko yana tayar mata da zuciya tun daga tsakar gida. Da ta sha ruwa da magariba sai ciki ya cika da iska, zuciya ta hau bugu, ƙafafu su yi sanyi. Wata rana gudawa, wata rana bayan gida ya ƙi fita. A azumi na tara jiri ya ɗebe ta a gaban allo, 'yan aji suka riƙe ta. Malamin Islamiyyarsu ya aiko mata cewa Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ta ajiye ta rama daga baya. Ta ajiye tana kuka.

Ragi na uku, zuwa 2.5 mg, an sa shi ranar 3 ga Afrilu. Ta ƙi yi, ta kuma daina komawa asibitin. Ta ci gaba da sayen diazepam a kemis tana shan 5 mg kowane dare.

Watannin cire abinci: Afrilu zuwa Yuni 2023

Daga nan hankalinta da na gidan gaba ɗaya ya koma kan tukunya. Ƙa'idar da ta kafa wa kanta mai sauƙi ce: duk abin da ta ci kafin mugun dare, ta bar shi. Bayan wake sai yaji. Bayan yaji sai magi, musamman farin magi, domin wani saƙo da aka turo mata a waya ya ce sinadarin gulutamet da ke cikinsa yana tayar da jijiyoyin mai barin maganin barci. Sai nono, sai burodi da duk abin alkama, sai tumatir, sai man gyaɗa, sai ƙwai. Aka ware mata ƙaramar tukunya, ana dafa nata daban.

Kowane cirewa yakan zo da sauƙi na kwana biyu ko uku, abin da ke ƙara mata tabbacin ta kama mai laifi. Sai mugun dare ya sake zuwa, ta waiwayi abin da ya rage a farantinta.

A tsakiyar Mayu ta yi zazzaɓi da ciwon kai. A wani ƙaramin ɗakin gwaji aka yi mata gwajin Widal sau ɗaya, aka ce taifot ne, aka ba ta ciprofloxacin na kwana bakwai. Babu wanda ya tambayi ko tana shan wani magani. Darare uku na farko su ne mafi muni da ta gani tun watan Janairu: ba barci ko kaɗan, jiki na fizga, tsoro mara dalili har ta kira 'ya'yanta tana yi musu wasiyya. A ranar da ta fara maganin an yi mata farfesun kifi. Kifi ya shiga jerin abubuwan da aka haramta.

A ƙarshen Mayu, saboda zafin ƙirji, mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ta omeprazole. Ya ɗan rage zafin, bai taɓa kumburin ba.

Dangi kuma suka shigo da nasu. Yayarta ta zo daga Funtuwa ta dube ta ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, a abinci aka ba ki." Aka yi ruƙiyya, wadda ta ce tana samun natsuwa da ita, aka kawo zuma da man zaitun da habbatus sauda. Aka kuma kawo wani jiƙo mai ɗaci a gora wai zai fitar da sammu. Kwana biyu tana gudawa, ta ƙara galabaita. Wata abokiyar aikinta ta sayar mata da ƙwayoyin ganye na kwalba masu tsada, wai suna wanke ciki. Ta sha wata guda, ba abin da ya canza sai aljihunta, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya sa farashin komai ya tashi.

Zuwa babbar sallah, 28 ga Yuni, abincinta ya koma uku: farar shinkafa da gishiri, koko ba sukari, dafaffen dankalin Turawa. Naman layya ko yanka ɗaya ba ta taɓa ba. Zanenta ya fara zamewa daga ƙugu, ta ɗauki hutun rashin lafiya a makaranta, kuma ta fara jin tsoron lokacin cin abinci kansa: da an ce an sauke tukunya sai gabanta ya faɗi tun ba ta kai loma baki ba.

Sabon likita da littafi mai gida uku: Yuli zuwa Agusta 2023

Ranar 10 ga Yuli 'yarta ta kai ta sashen likitocin ƙwaƙwalwa na wani asibitin koyarwa, bayan doguwar gardama, domin uwar na cewa ita ba mahaukaciya ba ce. Nauyinta a ranar kilo 59. Awon jininta, wanda ake kira PCV, kashi 29 cikin 100, wato jini ya yi ƙasa. Gwajin sukari, na maƙoƙo, na hanta da ƙoda duk daidai. Gwajin bayan gida na ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, wanda aka yi bayan an dakatar da omeprazole na mako biyu, bai nuna komai ba.

Likitan ya yanke abu uku. Na farko, ba za a taɓa 5 mg ɗin ba har mako bakwai, ba ƙari ba ragi. Na biyu, duk wani magani da za a ba ta a ko'ina sai an nuna katinsa. Ya yi mata bayanin cewa ciprofloxacin da danginsa suna toshe wurin da GABA ke aiki a ƙwaƙwalwa, don haka suna iya tayar da alamomin janyewa, wato wahalar da jiki ke sha idan an rage ko an daina maganin da ya saba da shi, da ƙarfi, sannan gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot. Omeprazole kuma yana sa hanta jinkirin fitar da diazepam, shi ya sa ya dakatar da shi a lokacin da ba a ragi, kada canji biyu su haɗu. Na uku, ya haɗa ta da jami'ar abinci ta asibitin, ya ce 'yar ta sayi littafi mai shafi 80 ta ja layi gida uku: adadin magani, duk abin da ya shiga baki da lokacinsa, sai yadda jiki ya kasance daga 0 zuwa 10.

A zama na biyu jami'ar ta karanta shafukan mako guda, ta ga shinkafa, koko, dankali, shinkafa, koko, dankali. Ta ce, "Hajiya, ban da abinci, me kike taunawa ko kike sha da rana?" Matar ta yi shiru, ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙaramin gwangwani. A ciki goro ne fari guda uku a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya an ɓare an ci rabi. Ta ce, "Ai wannan ba abinci ba ne, 'yar nan. Shi ne ma yake riƙe ni tunda ba na cin komai."

Da aka bi diddigi, tana cin goro biyu zuwa uku a rana, ya ƙaru tun da ta rage abinci. Tana shan baƙin shayi kofi uku, wanda ba ta lissafa ba saboda ta cire madara da sukari. Kusan kullum kuma takan sha garin maganin ciwon kai na takarda, mai haɗe da asfirin da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da shayi. Kofin shayi yana ɗauke da kafeyin wajen 40 zuwa 50 mg, babban goro guda kuwa yana iya kaiwa kofi biyu ko uku. Kafeyin yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka goron la'asar yana nan a jini da tsakar dare. Likitan ya ƙara da cewa ciprofloxacin yana hana hanta saurin narkar da kafeyin, to a makon nan na Mayu abin da take taunawa taruwa ya riƙa yi. Asfirin a kan ciki mara abinci kuma ya isa ya kawo zafin ƙirjin da aka kira olsa.

Ba a yanke mata kafeyin lokaci guda ba, domin shi ma yana da nasa ciwon kai idan aka yanke. Garin maganin aka fara dainawa, aka musanya da farasitamol zalla. Goro ya koma ɗaya, sannan rabi, sannan babu, cikin mako uku. Shayi ya koma kofi ɗaya mara kauri da safe. A littafin, matsakaicin maki na dare ya sauka daga 7 a makon farko zuwa 4 a mako na biyar, alhali adadin diazepam bai canza ba.

An ba ta ƙwayar ƙarin jini, aka gaya mata tun da wuri cewa za ta baƙanta bayan gida kuma tana iya ɗaure ciki, don kada ta ɗora wa wani abinci. Aka ce kada ta haɗa ta da shayi, domin shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki.

Maido da abinci ɗaya bayan ɗaya: Agusta zuwa Disamba 2023

Ranar 28 ga Agusta aka koma ragi, amma da 0.5 mg kacal duk mako uku. Sashen magani na asibitin ya samo mata ƙwaya mai 2 mg, 'yarta tana raba ta huɗu da sabuwar reza a kan farantin tangaran, tana zuba na kowane dare a kwalbarsa. Adadin ya tafi haka: 4.5 mg, sai 4 mg ranar 18 ga Satumba, 3.5 mg ranar 9 ga Oktoba, 3 mg ranar 30 ga Oktoba, 2.5 mg ranar 20 ga Nuwamba, 2 mg ranar 11 ga Disamba.

Bayan ragi biyu, 'yar ce ta fara lura da abin da littafin ke nunawa. Ta ce, "Umma, duba nan. Duk ranar da aka rage, kwana huɗu ba komai. Daga na biyar zuwa na goma sai maki ya hau, ko me kika ci." Suka koma baya suka lissafa daga 6 ga Maris zuwa ranar shinkafa da wake: kwana shida. Daga 20 ga Maris zuwa ranar da azumi ya fara gagara: kwana shida.

Saboda haka aka tsara maido da abinci a cikin kwanakin da jiki ke lafawa kawai, daga rana ta goma sha ɗaya bayan ragi zuwa ta huɗu bayan ragi na gaba. Abu ɗaya sabo duk kwana uku, a fara da cokali biyu ko uku da rana, ba da dare ba. Ƙwai ya dawo lafiya, haka kifi, tumatir, man gyaɗa, burodi, zogale, hanta. Wake ya kawo iska a karon farko, irin wadda yake kawo wa kowa bayan an daɗe ba a ci ba. Aka koma alale da waken da aka surfe aka jiƙa, ya zauna. Daddawa ta dawo ba tare da wata matsala ba.

Magi ne ta fi tsoro, ta ce ko kusa. Jami'ar ta shaida mata cewa daddawa da tumatir da busasshen kifi duk suna ɗauke da gulutamet ɗin da take gudu, kuma wanda ake ci a abinci hanji ne ke amfani da mafi yawansa, ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa da yawa. Bayanin bai shige ta ba. Sai aka yi gwaji a gida da yardarta: a darare shida cikin mako biyu 'yar ta dafa miyar kuka da daddawa, ta raba biyu, ta sa rabin dunƙulen magi a ɗaya, ƙanenta ya jefa kwabo ya zaɓi wadda za a zuba wa uwar, aka rubuta a wata takarda daban aka ɓoye. Da aka buɗe, cikin darare ukun da ta ci mai magi ɗaya ne ya yi muni. Cikin ukun da ba magi, ɗaya ya yi muni, ɗaya tsaka-tsaki. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce a haɗe tukunya.

Abu uku ne suka maimaita kansu duk lokacin da aka gwada, ko a kwanakin sauƙi. Madarar gari cokali biyu tana kawo kumburi da ƙugi cikin awa biyu, amma nono da kindirmo ba sa yi, domin tsami yana cinye wani ɓangare na sukarin madara, wanda hanjin manya da yawa ba ya iya narkarwa. Yaji a kan ciki mara komai yana kawo zafin ƙirji. Sai zama da yunwa: idan ta wuce awa biyar ba ta ci ba, karkarwa da faɗuwar gaba sukan zo wajen sha ɗaya zuwa sha biyun rana. An auna sukarinta a cikin irin wannan yanayi, ya nuna 4.6, wato bai faɗi ba, amma cin abu yana kwantar da shi cikin rabin awa. Da ta koma aiki a Satumba sai ta riƙa tafiya da dafaffen ƙwai ko gyaɗa da ayaba tana ci lokacin tara.

An samu tuntuɓe a ƙarshen Disamba, a bikin 'yar yayarta. Ta sha lemon kwalba baƙi guda biyu, aka miƙa mata goron biki ta ci rabi don kada a ce ta ƙi. Daren nan ba ta yi barci ba, maki ya kai 8. Ba ta ƙara magani ba, ba ta cire wani abinci ba, kwana biyu ya wuce.

Ragin ƙarshe da azumin 2024

Daga 2 mg zuwa ƙasa kowane rabin miligiram babban kaso ne na abin da ya rage, don haka aka tsawaita tazara zuwa mako huɗu: 1.5 mg ranar 8 ga Janairu 2024, 1 mg ranar 5 ga Fabrairu. Ragin Janairu ya yi mata wuya, kumburin ciki ya dawo na kwana tara, ta so ta sake barin wake, 'yar ta buɗe mata littafin.

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Likita ya ce ba ragi har bayan sallah. Sahur ya koma dab da alfijir, da tuwo da miya ko fura da nono da ƙwai, ba shayi. Buɗa-baki dabino biyu da ruwa, kunu mai ɗan sukari kaɗan, abinci bayan sallar magariba, ƙwayar kuma bayan asham a lokaci ɗaya kullum. Ta yi azumi 24 cikin 30, ta ajiye shida a ranakun da jiri ya taso. Ranar 22 ga Afrilu ta sauka zuwa 0.5 mg, ranar 20 ga Mayu 2024 ta daina.

Inda take a Disamba 2024

Wata bakwai bayan ƙwayar ƙarshe nauyinta kilo 65, PCV 36. Tana barcin awa biyar zuwa shida, da farkawa sau ɗaya. Kunnenta na hagu yana ƙara a wasu ranaku, kumburin ciki yana zuwa sau biyu ko uku a wata. Tana cin abin da gida ke ci daga tukunya ɗaya, har da yaji idan a cikin abinci ne. Ba ta shan madarar gari, ba ta koma goro ba. Ta rama azumin 2023 a ranakun sanyi, biyu-biyu a mako.

Abin da na gani a lamarin

Abin da matar nan ta ji a cikinta gaskiya ne, kuma bai kamata kowa ya ce mata tunani ne ba. Hanji yana da tarin jijiyoyi da ke magana da ƙwaƙwalwa, idan jijiyoyin jiki suka tashi saboda janyewar magani, ciki yana cikin wuraren farko da ke amsawa. Farfesa Heather Ashton ta Jami'ar Newcastle a Ingila, wadda ta gudanar da asibitin masu barin waɗannan magunguna daga 1982 zuwa 1994, ta lura cewa wasunsu kan ji wasu abinci sun daina karɓarsu ba tare da gwaji ya nuna ainihin borin jini ba, kuma shawararta ita ce a ci abinci na yau da kullum mai gina jiki, ba sai an ƙirƙiro wata cima ta musamman ba. Lamarin Zariya ya bi wannan hanya sak.

Amma daga Maris zuwa Yuni 2023 an bar jaki ana dukan taiki. Ragin farko ya yi gaggawa: kashi 25 cikin 100, sannan kashi 33 na abin da ya rage bayan mako biyu, alhali abin da aka saba ba da shawara shi ne kashi 5 zuwa 10 a kowane mataki. An kuma sa shi a bakin azumi ba tare da an tambayi mai azumin ba. Sauyin da aka yi zuwa diazepam daidai ne, sai dai ya zo da wani tarko da ba a faɗa mata ba: tunda maganin yana daɗewa a jiki, wahalar ragi ba ta bayyana sai bayan kwana biyar ko shida, lokacin da mutum ya manta da ragin, abin da yake tunawa kawai shi ne abincin ranar. Jumla ɗaya daga bakin likita a watan Maris da ta tsare mata wake da kilo tara.

Cire abinci da kanta shi ne ya fi yi mata illa. Ya jawo rama da ƙarancin jini, waɗanda su ma suna kawo bugun zuciya da jiri da kasala, sai aka ƙara ɗora su a kan abinci. Ya tura ta ga goro don ta iya tsayuwa. Ya kuma koya mata tsoron faranti, har jiki ya riƙa tashi kafin loma ta shiga. Sauƙin kwana biyun da take samu bayan kowane cirewa ba hujja ba ce, domin alamomin janyewa dama hawa da sauka suke yi, kuma mutum yakan cire abinci ne a rana mafi muni, wadda ko ba a yi komai ba mai sauƙi ce ke biye da ita.

Cikin abinci sama da goma da ta haramta wa kanta, biyu ne kawai suka tabbata, madarar gari da yaji a kan yunwa, kuma ta farkon tsohuwar matsala ce da janyewar ta ƙara wa ƙarfi. Wanda ya fi kowanne tasiri, kafeyin, bai taɓa shiga jerinta ba, domin a wurinmu goro da shayi ba a lissafa su a cima. Likitoci da masu kemis huɗu suka duba ta kafin Yuli, kowanne ya tambayi abin da take ci, ba wanda ya tambayi abin da take taunawa.

Wani na iya samun abincin da da gaske ba ya karɓarsa, kuma kumburin baki ko fuska, ƙuraje masu ƙaiƙayi, sarƙewar numfashi, jini a bayan gida ko ramar da ba ta tsaya ba abubuwa ne na zuwa asibiti nan take, ba na rubutu a littafi ba. Abin da ya yi aiki a nan shi ne raba abubuwan da suka cakuɗe: a tsayar da adadin magani, a canza abu ɗaya tak, a rubuta, a jira kwana uku. Wannan ba ya bukatar kuɗi, amma yana bukatar wani a gida mai haƙurin riƙe biro wata goma, da likitan da zai yarda ragin da aka shirya gamawa cikin wata biyu ya kai wata goma sha huɗu.